Doka ta 65535: yadda kanel ɗin FreeBSD ke yanke wa fakiti hukunci, da inda NAT ke shiga

Katangar tsaro ta ipfw a FreeBSD, wani tsarin gudanar da kwamfuta, tana da doka guda wadda ba mai iya gogewa, wato doka mai lamba 65535. Ita ce ta ƙarshe a jeri, kuma hukuncinta gajere ne: duk fakitin (ɗan guntun bayanan da ke bin hanyar sadarwa) da bai sami wata doka da ta ba shi hanya ba, a jefar da shi. In ka rubuta `ipfw list` a kwamfutar da aka kunna wa ipfw yanzun nan, layi ɗaya tak za ka gani:

    65535 deny ip from any to any

Yawancin wahalar da ake sha wajen haɗa katanga da NAT (sauya adireshin cikin gida da na waje) daga nan take tasowa. Fakiti ya bi jeri, bai dace da ko ɗaya ba, sai ya faɗa hannun 65535, mai aiki kuwa yana can yana zargin waya ko kamfanin intanet.

Ita ipfw ta daɗe, tun FreeBSD 2.0 take nan, kuma Luigi Rizzo na Jami'ar Pisa a Italiya ya sake rubuta ta a 2002. Tsarin karanta dokoki kuwa mai sauƙi ne. Kai kake da lambobi daga 1 zuwa 65534, kanel, wato zuciyar tsarin, yana bin su daga ƙarama zuwa babba. Da fakiti ya dace da doka mai `allow` ko `deny`, magana ta ƙare, ba a duba na ƙasa. `count` ƙidaya kawai take yi a wuce, `skipto` kuma tsallake take sa a yi zuwa lambar da ka faɗa. In ba ka sa wa doka lamba ba, za a ƙara 100 a kan lambar ta ƙarshe a ba ta. Abin da ake yawan mantawa shi ne, a kwamfutar da ke tsakanin gida da waje, fakiti sau biyu yake gurfana gaban dokokin nan: lokacin shigarsa ta wannan katin sadarwa, da lokacin fitarsa ta wancan. Ka ba shi izinin shiga ka manta na fita, bai je ko'ina ba.

Abin da ake rubutawa a kanel

Ba dole ne sai ka sake gina kanel ba. Layin `firewall_enable="YES"` a /etc/rc.conf ya isa ya ɗora ipfw a matsayin modul lokacin tashi. Amma wanda yake so katangar ta kasance a jikin kanel tun daga daƙiƙar farko, sai ya buɗe fayil a /usr/src/sys/amd64/conf/, a ce sunansa GADI, ya rubuta:

    include GENERIC
    ident GADI
    options IPFIREWALL
    options IPFIREWALL_VERBOSE
    options IPFIREWALL_VERBOSE_LIMIT=100
    options IPFIREWALL_NAT
    options LIBALIAS

Daga nan a shiga /usr/src a ba da `make buildkernel KERNCONF=GADI`, sannan `make installkernel KERNCONF=GADI`. Tsohon kanel ba ya ɓata, ana mayar da shi /boot/kernel.old, kuma in sabon ya ƙi tashi ana iya zaɓar tsohon daga allon farko.

IPFIREWALL ita ce katangar kanta. IPFIREWALL_VERBOSE ke sa dokokin da ka liƙa wa `log` su riƙa kai rahoto /var/log/security. Ta uku tana kafa iyaka: kowace doka ta rubuta sau 100 ta yi shiru. Dalili kuwa, wanda ya ga dama zai iya yi maka ruwan fakiti har rajistar ta cika faifai. Sai dai iyakar tana da nata tarkon. Da doka ta kai adadinta, za ta ci gaba da jefar da fakiti ba tare da ta ce uffan ba, sai ka ba da `ipfw resetlog` kafin ta dawo da magana. Don haka shirun rajista ba shaida ba ne cewa lafiya lau ake. IPFIREWALL_NAT da LIBALIAS kuwa tare suke tafiya; ka sa ta farko ka bar ta biyu, ginin kanel zai tsaya, domin ainihin aikin sauya adireshi a cikin libalias yake.

A tsofaffin bayanai za ka ga IPFIREWALL_FORWARD. An cire ta, daga FreeBSD 10 aikinta yana cikin ipfw kai tsaye, kuma in ka rubuta ta za a ce maka ba a san ta ba.

Bayan tashi, duba `dmesg`. Akwai layin da ya fara da `ipfw2`, a cikinsa za ka ga ko dai `default to deny` ko `default to accept`. Wannan shi ne matsayin doka ta 65535 a wannan kwamfuta.

Juya hukuncin, da abin da yake jawowa

Zaɓin IPFIREWALL_DEFAULT_TO_ACCEPT yana mayar da 65535 ta koma `allow`. Haka ma layin `net.inet.ip.fw.default_to_accept=1` a /boot/loader.conf. Lura da wurin: a loader.conf ake sa shi, domin da ipfw ta riga ta hau, sysctl ba zai iya canza shi ba.

Mutane suna son wannan zaɓi saboda tsoron kulle kansu a waje, kuma tsoron yana da tushe. Wanda ya shiga sabar daga nesa ta SSH ya buga `kldload ipfw`, nan take allonsa zai daskare, don 65535 ta fara aiki tun kafin ya rubuta doka ko ɗaya. Wanda ke zaune gaban kwamfutar kuma, in ya gwada ping zai ga `sendto: Permission denied`. To amma mu ba ma ba da shawarar a bar ƙofa a buɗe don wannan. Ka duba abin da zai faru ranar da aka yi kuskuren harafi guda a fayil ɗin dokoki: an share tsofaffi da `flush`, sababbi ba su gama hawa ba. In 65535 tana hanawa, komai zai tsaya cak, kowa zai sani, a gyara cikin minti kaɗan. In tana bari, intanet zai ci gaba da gudu, ba wanda zai yi ƙorafi, katangar kuwa babu ita, kuma ana iya yin watanni a haka. Inda juyawar take da ma'ana shi ne in ana amfani da ipfw don raba gudun intanet da dummynet kawai, wata katangar daban ce ke tsaro.

Maganin kulle kai yana nan ba sai an juya doka ba. Ɗora modul da buɗe hanya a layi guda:

    kldload ipfw && ipfw add 32000 allow ip from any to any

Sannan akwai rukuni na 31. Dokokin ipfw suna cikin rukunai daga 0 zuwa 31, kuma `flush` ba ya taɓa na 31, a can ma 65535 take zaune. Ka sa dokar SSH ɗinka a ciki, misali `ipfw add 50 set 31 allow tcp from 192.168.1.10 to me 22 keep-state`, sharewa ba za ta kore ka ba. A riƙa sa `-q` a umarnin `flush` in daga nesa ake aiki, domin in ipfw ta yi ƙoƙarin rubuto maka saƙo ta hanyar da ta riga ta toshe, zaman zai iya mutuwa kafin sauran dokoki su hau. Akwai kuma /usr/share/examples/ipfw/change_rules.sh, wanda ke dawo da tsofaffin dokoki in ba ka tabbatar da sababbin ba.

NAT: jeri shi ne komai

Ƙa'idar RFC 1918 ta 1996 ta ware adireshi iri uku don amfanin cikin gida: 10.0.0.0/8, 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16. Ba a kai su ko'ina a intanet. Aikin NAT shi ne ya cire adireshin cikin gida daga fakiti mai fita ya sa na waje, ya riƙe lissafi, in amsa ta dawo ya mayar wa mai ita.

Hanya biyu ce a FreeBSD. Tsohuwar ita ce `options IPDIVERT` tare da natd: kanel ya miƙa fakiti ta ƙofa 8668 ga wani shiri da ke wajensa, shi ya sauya, ya mayar. Kowane fakiti sai ya fita ya dawo, in kuma natd ya mutu, duk abin da aka miƙa masa ya ɓata. Sabuwar, wadda ta zo a FreeBSD 7.0, a cikin kanel take gama komai. Ita muke zaɓa. Ko wacce ka ɗauka, sai ka sa `gateway_enable="YES"` a rc.conf, wanda ke mayar da `net.inet.ip.forwarding` ya zama 1. In babu shi, kanel ba ya tura fakitin wani daga kati zuwa kati, ko da dokokinka sun fi na kowa kyau.

A ce katin em0 na kallon waje, katin em1 na kallon gida:

    ipfw disable one_pass
    ipfw -q nat 1 config if em0 same_ports unreg_only reset
    ipfw -q add 10 allow ip from any to any via lo0
    ipfw -q add 20 allow ip from any to any via em1
    ipfw -q add 99 reass ip4 from any to any in
    ipfw -q add 100 nat 1 ip4 from any to any in via em0
    ipfw -q add 101 check-state
    ipfw -q add 200 skipto 1000 tcp from any to any 80,443 out via em0 setup keep-state
    ipfw -q add 210 skipto 1000 udp from any to any 53 out via em0 keep-state
    ipfw -q add 999 deny log ip from any to any
    ipfw -q add 1000 nat 1 ip4 from any to any out via em0
    ipfw -q add 1001 allow ip from any to any

Bari mu bi fakiti guda. Kwamfuta mai 192.168.1.25 tana neman shafi ta ƙofa 443. Shigarsa ta em1, doka ta 20 ta bar shi. Fitarsa ta em0, ya iso ta 200 har yanzu da adireshinsa na gida, `keep-state` ta rubuta wannan hira da sunan 192.168.1.25, aka tsallake da shi zuwa 1000, a can ne aka sauya masa adireshi. Amsa kuwa da adireshin waje take dawowa. Dole doka ta 100 ta fara mayar da ita 192.168.1.25 kafin ta 101 ta duba, in ba haka ba `check-state` za ta nemi hirar da sunan da ba ta taɓa rubutawa ba, ta rasa, amsar ta gangara zuwa 999. Shi ya sa NAT na shiga yake sama da `check-state`, NAT na fita yake ƙasa da duk dokokin `keep-state`. Wannan kuma shi ne dalilin `skipto` a madadin `allow` a doka ta 200: da `allow` ce, fakitin zai fice da adireshin gida ba a sauya ba, ba amsar da za ta dawo har abada.

Layin farko, na `one_pass`, shi ne ginshiƙin sauran. A yadda aka saba ƙimarsa 1 ce, ma'ana duk fakitin da NAT ya taɓa ya gama da katanga, ya wuce. A jerin nan, hakan na nufin duk abin da ya shigo ta em0 zai tsaya a doka ta 100 a sallame shi, ta 101 da ta 999 ba za su gan shi ba. Komai zai yi kamar yana aiki, alhali ba a tace komai daga waje. Duba shi da `sysctl net.inet.ip.fw.one_pass`, ka tabbata 0 ne bayan kowane tashi.

Cututtukan da aka fi gani

In shafuka suna buɗewa amma babban fayil yana tafiyar hawainiya ko ya tsaya a tsakiya, fara da TSO. Wannan dabara ce da ke bar wa katin sadarwa aikin yanka manyan fakiti, kuma libalias ba ta jituwa da ita. A kashe ta da `-tso` a layin ifconfig na katin a rc.conf, ko da `net.inet.tcp.tso=0`. In ba ita ba ce, duba ko ka toshe ICMP, wato saƙonnin da ke ba da rahoton matsalar hanya, gaba ɗaya. Saƙon nau'i na 3 shi ke gaya wa mai aikawa cewa fakitinsa ya yi wa hanya girma; in bai iso ba, ƙananan abubuwa za su wuce, manya su maƙale.

Teburin `keep-state` ma yana da iyaka, `net.inet.ip.fw.dyn_max`. Hirar TCP da ta kafu tana zama daƙiƙa 300 bayan fakitin ƙarshe, ta UDP daƙiƙa 10. A ofis ko makaranta mai mutane da yawa teburin kan cika, alamarsa kuwa ita ce waɗanda ke ciki suna aiki, sababbin haɗi suna faɗuwa. `ipfw -d list` zai nuna abin da ke ciki, `net.inet.ip.fw.dyn_count` ya ba ka adadi. Kafin ka ɗaga iyakar, duba ko kwamfuta guda ce ta cinye rabi. In haka ne, `limit src-addr 50` a madadin `keep-state` ya fi ƙarin wuri amfani.

Don buɗe wa sabar cikin gida hanya daga waje, ana ƙara `redirect_port tcp 192.168.1.5:80 80` a layin `nat 1 config`. Amma wannan sauya adireshi ne kawai, ba izini ba ne. Sai ka ƙara doka tsakanin 101 da 999 mai `skipto 1000`, ka rubuta ta da 192.168.1.5, tunda doka ta 100 ta riga ta sauya adireshin kafin fakitin ya iso nan. Kafin duk wannan, dubi adireshin da em0 ya samu. In ya faɗa cikin 100.64.0.0/10, wanda RFC 6598 ta 2012 ta ware wa kamfanonin sadarwa, to kamfanin yana yin nasa NAT a gabanka, haɗi daga waje ba zai iso em0 ba sai ka nemi adireshi na kanka a wurinsu. A wannan yanayi kuma, in em0 ta DHCP yake karɓar adireshi, a bar masa UDP 67 da 68 a sama da 999, don ya iya sabunta hayarsa in lokacinta ya yi.

Idan abu ya ƙi kuma ba ka san inda ya maƙale ba, ba da `ipfw zero`, ka sake gwada haɗin sau ɗaya, sannan `ipfw -a list`. Kowace doka za ta nuna fakiti nawa suka dace da ita. Doka mai `allow` ko `deny` da ƙidayarta ta motsa ita ta yanke hukunci, in kuma ta 999 ce, /var/log/security zai nuna maka adireshi, ƙofa da katin da fakitin yake bi lokacin da aka jefar da shi.