Waiwaye: Yadda ƙurar kafintoci ta sauya kama a Damagaram

Duk shekara da zarar hunturu ya kama, maganar sai ta dawo. A fada ana shan shayi ana yinta, a wajen suna ana yinta, haka a WhatsApp na unguwa. Maƙwabta na cewa a kwashe masu injin katako a kai su bayan gari, don sun gaji da shanya mai komawa ja, da garin da ke kwanciya a murfin randa, da tarin yara cikin dare. Kafintoci kuma na mayar da martani: mu muka kawo ƙura Damagaram? Ai tun kafin a haifi kakanninmu iska ke ɗebo ta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tana juye mana. Kowanne ɓangare yana da abin kamawa, sai dai duka biyun suna magana kamar ƙura iri ɗaya ce, kuma kamar jiya aka fara.

Farkon labarin kowa ya san shi. Masassaƙan da, gizago ne makaminsu, da shi suke fitar da turmi daga kirya, allo da ƙota daga aduwa. Abin da ke faɗuwa sassaƙe ne, mai nauyi, yana sauka a gaban mai aiki, da yamma yara su kwashe a hura wuta. Rufin ɗaki kuwa azara ce. Faransawa sun iso a 1899, Zinder, wato Damagaram, ta riƙe matsayin babban birnin mulkinsu a Nijar har 1926, aka fara buƙatar tebur da kujera da ƙyaure na katako, zarto ya shigo, ana hawo da katako daga kudu. Daga baya kuran ya zo, inji ya biyo shi. A nan mafi yawan masu muhawara ke tsayawa su ce inji ne ya ɓata lamarin.

Ni ban ga haka ba. Na tashi ina zuwa shagon kawuna lokacin hutun makaranta, kuma yana da injin tsaga da na fere katako tun ina yaro. Ƙara kam akwai ta, amma abin da injin ferewa ke tofarwa manyan ɓawo ne masu naɗewa, na zarto kuma tsaki-tsaki ne kamar ɓarzajjen gero. Tsintsiya ta ishe su. Masu kiwon kaji na zuwa da buhu su saya don shimfiɗa, mata su karɓi na zarto su danƙara a murhu.

Abin da ya sauya lissafin, wanda ba a cika ambatarsa ba, shi ne sauyin katakon kansa. Kayan ɗakin amarya suka tashi daga gadon ƙarfe suka koma gado mai faffaɗan kai, da kabat mai ƙofa huɗu, da madubi, duk ana son su sumul suna walƙiya. Katakon itace ya yi tsada, ga shi yana kantarewa a zafinmu. Sai aka koma kan falankin da ake kira MDF, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a shekarun 1960. Shi wannan ba a tsago shi daga gungume ba. Itace ake niƙewa ya zama zare-zare, a cuɗa da gam mai sinadarin fomaldehaid, a matse da zafi. To abin da dama can gari ne aka manne, idan ka sa masa zarto me zai koma? Ba ya yin ɓawo, ba ya yin tsaki. Gari yake komawa, mai laushi kamar hoda. A tare da shi kuma ƙananan injunan hannu na guga da na fitar da zane suka yi araha, kowane yaron shago ya iya sayen nasa ya koma zauren gidansu ya buɗe aiki. Kuma tunda MDF ba ya shiri da ruwa, inji kuma ba a barinsa a waje, aikin da a da ake yi ƙarƙashin rumfa iska na wucewa ya shige ɗaki mai ƙofa ɗaya, bango ɗaya tsakaninsa da inda ake girki.

Ban manta wani dare da aka ɗauke wuta muna shagon, wajen awa guda bayan an kashe inji. Na kunna tocila, sai ga hasken ya zama kamar sanda, cike da ƙwayoyi suna yawo ba su da niyyar sauka. Na ce, "Kawu, ka ga abin da muke shaƙa?" Ya duba ya ce, "Kai yaro, ai na share ƙasa tas." Kuma da gaske ya share. Kaurin gashin kan mutum ya kai mikron 50 zuwa 70 (mikron dubu ne ke yin milimita ɗaya), ƙwayar da ke wuce hanci ta gangara ƙirji kuwa ba ta kai mikron 10 ba. Ido ba ya ganinta da rana, tsintsiya kuma tayar da ita take yi.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. A shekarun 1960 aka lura cewa masu ƙera kujeru a garin Hai Wikam na Ingila suna kamuwa da wani nau'in ciwon daji na cikin hanci fiye da sauran jama'a nesa ba kusa ba. A 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa ƙurar katako cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, a 2004 ta ƙara da fomaldehaid. Tarayyar Turai ta ƙayyade ƙurar katako mai tauri a wurin aiki kada ta wuce miligiram 2 a kowace mita kubik ta iska. Ko itatuwan da muka saba da su, iroko da obece, an san suna tayar da asma.

Wasu kafintocin sun yi ƙoƙari, sun sayi injin zuƙa mai fanka da jakar yadi. Kwana biyu sai ka ga an jingine shi a lungu an ce ba ya ja. Dalilin a bayyane yake. Komai na bi ta cikin fanka, ɓawo da gari da guntun ƙusa, su afka jaka ɗaya. Manyan su cika ta, laushin ya toshe ramukan yadin, iska ta rasa mafita, ƙarfin zuƙa ya mutu. Mafi laushin kuma ya ratsa yadin ya dawo ɗaki, tunda jaka mai araha ba ta tare abin da bai kai mikron 30 ba.

Duk macen da ta taɓa sheƙa da bakace ta san gyaran: a fara raba mai nauyi da marar nauyi kafin a kai ga rariya. Masu niƙan alkama a Amurka sun koyi darasin da tsada, domin a 1878 ƙurar gari ta kama wuta ta tarwatsa wata babbar masana'anta a Miniyapolis, mutum 18 suka rasu, a 1885 kuma John Finch ya yi rajistar na'urar da ke raba ƙura ta hanyar juya iska kamar guguwa. Ƙaramarta maƙerin walda a Sabon Gari zai iya haɗawa. Duro ake sawa tsakanin injin aiki da fanka. Tiyon shiga ya bi gefen bango ta yadda iska za ta riƙa kewayawa, tiyon fita kuma ya kasance a tsakiyar murfi. Juyawar ke jefa mai nauyi jikin bango ya zame ƙasa. Wani Ba'amurke, Phil Thien, ya ƙara dabara: faifan katako a ƙasan murfin, an yanke masa tsaga ta kusan santimita 3 a kashi biyu cikin uku na kewayensa, don abin da ya faɗa kada guguwar ta sake ɗauko shi. Na'urar mai siffar mazurari ta fi duro kama laushi, amma tana son fanka mai ƙarfi.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne murfi. Ƙaramar kafa a bakin duro ta isa ta sa iska ta kwashe abin da ke ciki ta kai jaka, shi ya sa ake zagaye shi da robar tayar babur. Kada a bar duro ya cika maƙil. Tiyo ya zama gajere, mai santsin ciki, ba kwana mai kaifi, domin iska na buƙatar gudun kusan mita 20 a daƙiƙa kafin ta riƙe ɓawo bai kwanta a hanya ba. Duron ma yana cin wani abu daga ƙarfin zuƙa, sai dai jakar ta daina toshewa, ribar ta fi asarar.

Duk da haka hodar MDF mafi laushi tana wuce duro. Ita sai matata mai kyau a bayan fanka, da takunkumi mai lamba FFP2 a fuska, don rawani da ƙyallen yadi ba sa tare ta. Wanda ya huda bango ya fitar da tiyon waje kuwa, tsakar gidan maƙwabci ya tura ta, daga nan ne rabin rigimar unguwa ke tashi. Yayyafa ruwa kafin shara na taimakawa, ko da yake a Damagaram faɗin haka ya fi aikatawa sauƙi, kowa ya san kuɗin jarka a watan Afrilu.

Kawu yanzu duro biyu gare shi. Ɗaya na katakon itace, shi masu kaji ke saye. Ɗayan na ranar da ake yankan MDF ne, ya shafa masa jan fenti, kuma ya hana a ba matan unguwa abin da ke ciki don murhu. Wata tsohuwa ta zo da kwanonta ya hana ta, ta tafi tana cewa tsufa ya sa shi rowa.