Ƙurajen fuska: me mara lafiya zai yi idan maganinsa ya yi ƙaranci?

Maganin ƙurajen fuska ba ya nuna aikinsa da wuri, domin sai an yi mako 6 zuwa 12 ana amfani da shi kullum kafin a ga canji. Saboda haka idan ya yanke a tsakiyar hanya, wahalar watanni ce take neman tafiya a banza.

Me ke sa magani ya ɓace daga kantunan sayar da magani?

Sinadaran da ake haɗa magunguna da yawa da su daga masana'antu ƙalilan suke fitowa, mafi yawansu a Sin da Indiya, kuma idan ɗaya ta tsaya sai ƙarancin ya bi ƙasashe. A watan Maris na 2020, a farkon annobar korona, Indiya ta taƙaita fitar da sinadarai da magunguna 26, ciki har da kilindamaisin da eritiromaisin, waɗanda ake amfani da su a kan ƙuraje. A 2013 ma Amurka ta yi fama da ƙarancin doksisaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sha a kan ƙuraje.

Ƙuraje sun kai a damu da su har haka?

Sun kai. Masu cewa ai balaga ce, za ta wuce, ba su zauna da yarinyar da ta daina ɗaga hannu a aji don kada a juyo a kalle ta ba. Manyan ƙuraje masu zurfi da zafi suna barin ramuka a fata da ba sa cikewa, kuma a fata mai duhu ko ƙaramin ƙurji kan bar baƙin tabo na watanni. A ganina, idan magani ya yi kaɗan, masu irin waɗannan ƙuraje da waɗanda abin ya taɓa wa zuciya ne ya kamata a fara ba.

Mene ne matakin farko idan aka ce babu?

Mara lafiya ya tafi da kwalin maganinsa, ya nuna wa mai magani sunan sinadarin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin sunan kamfani. Sau da yawa samfurin kamfani ɗaya ne ya ƙare, sinadarin yana nan da wani suna. Man shafawa na Differin, alal misali, sunan kamfani ne, sinadarinsa kuwa adafalin ne. Mara lafiya ya kuma fara nema tun saura mako 2 nasa ya ƙare.

Wane magani ne zai iya maye gurbin wani?

A nan akwai sarari fiye da yadda mutane suke zato. Ƙurji yana tasowa ne daga toshewar ramin gashi, da yawan maiƙo, da ƙwayar cuta, da kumburi, kuma kowanne yana da magani fiye da ɗaya. Idan babu tiretinoyin na shafawa, adafalin yana buɗe ramukan kamar yadda yake yi, kuma bai kai shi ƙona fata ba. Idan man da aka haɗa adafalin da benzoyil feroksayid a bututu ɗaya ya ɓace, ana iya samun su daban-daban, a shafa ɗaya da safe, ɗaya da dare. Benzoyil feroksayid mai ƙarfin kashi 2.5 cikin 100 yana aiki kusan daidai da mai kashi 10, kuma ya fi shi sauƙi a fata, sai dai duka biyun suna koɗar da launin tawul da rigar matashin kai. Asid azelayik yana taimakawa a kan ƙuraje da tabo tare, kuma ana ba masu juna biyu shi, su da aka hana wa adafalin da tiretinoyin.

Magungunan sha kuwa likita ne zai sauya su. Yana iya ba da limesaikilin ko minosaikilin a madadin doksisaikilin, ga wasu mata kuma ƙwayar tsarin iyali mai sinadari biyu ko sifironolakton. Duk maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka bayar, ana haɗa shi da na shafawa, kuma ana duba sakamako bayan wata 3, domin daɗewa a kansa yana sa ƙwayoyin su daina jin magani.

Idan isotiretinoyin ne ya yanke fa?

Wannan maganin na sha, wanda Amurka ta amince da shi a 1982 da sunan Accutane, ba shi da madadi na gaskiya a kan ƙuraje masu tsanani, kuma ba ya karɓar dabara. Yana nakasa jariri a ciki, shi ya sa ake yi wa mata gwajin ciki kafin a fara da kuma lokacin sha, kuma dole a ci gaba da kiyaye ɗaukar ciki har wata 1 bayan ƙwayar ƙarshe, ko da ƙarancin magani ne ya tsayar da shan. Abin da ke sanyaya rai shi ne, likitoci suna duba jimillar abin da aka sha ne a tsawon watanni, yawanci miligiram 120 zuwa 150 ga kowane kilo na nauyin jiki, don haka tsayawar kwanaki ba ta rushe aikin. Likita zai iya rage adadin kullum ya tsawaita lokacin. Kada a karɓi ragowar wani, kada kuma a haɗa shi da doksisaikilin, domin haɗin yana iya ɗaga matsin ruwan cikin kai.

Me ya fi haɗari a lokacin jira?

Mayukan da ke ɗauke da sitiroyid, wato sinadarin kwantar da kumburi, irin su betametazon da kilobetasol. Suna kwantar da kumburi cikin kwanaki, mutum ya ɗauka ya dace, daga baya ƙurajen su dawo fiye da da, fatar kuma ta yi siriri. Sai kuma sayen magani a intanet daga wanda ba shi da lasisi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa 1 cikin 10 na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki jabu ne ko mara inganci.

Me likita da mai magani za su iya yi?

Likita ya rubuta sunan sinadari, ya kuma faɗi zaɓi na biyu tun a ganin farko. Mai magani ya tuntuɓi abokan sana'arsa kafin ya sallami mutum hannu rabbana. A Birtaniya, tun 2019, akwai ƙa'idar da ke ba mai magani izinin ba da madadin da hukuma ta ayyana idan ƙarancin ya yi tsanani, ba tare da mara lafiya ya koma wurin likita neman sabuwar takarda ba.