Me ya sa injiniyoyin ƙirƙirarriyar basira ba sa daɗewa a Legas?

Iyaye da dama a Agege da Idi-Araba, waɗanda 'ya'yansu suka karanta kimiyyar kwamfuta, kan tare ni da tambayoyi kan wannan sana'a, haka ma masu ƙananan kamfanoni da ke neman ma'aikata. Ga waɗanda suka fi yawa.

A ina ake samun waɗannan injiniyoyi?

Unguwar Yaba ce tushen abin. A nan CcHub, cibiyar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha, take, kusa da Jami'ar Legas da Kwalejin Fasaha ta Yaba, kuma nan Mark Zuckerberg, mai kamfanin Facebook, ya ziyarta a 2016. Kamfanin Andela, da aka kafa a 2014, ya horar da matasa da yawa yana haɗa su da kamfanonin waje. Yanzu ofisoshi da dama sun koma Lekki da Victoria Island.

To me ke sa su tashi?

Kuɗi ne kan gaba. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira, wato ya bar kasuwa ta yanke farashinta, a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Mai albashin naira miliyan ɗaya, wanda a da ya fi dala 2,000, ya wayi gari bai kai dala 700 ba, alhali aikinsa bai ragu ba. Ga kuma Ingila da Jamus da Kanada suna da bizar ƙwararru. Wannan ce hijirar da Yarbawa ke kira japa.

Akwai dalili na biyu da masu ɗaukar aiki ke rainawa, kuma ni a ganina ya fi ciwo: kayan aiki. Ba a horar da manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira da kwamfutar tafi-da-gidanka. Sai da manyan na'urori irin na kamfanin Nvidia, ko hayar su ta intanet, kuma da dala ake biya. Injiniyan da ya yi wata shida yana jiran na'ura, ilminsa tsufa yake yi, shi ma ya sani. Manyan kamfanonin duniya ma wasu biranen suka zaɓa: Google ya buɗe cibiyar bincikensa ta wannan fanni a Akara, babban birnin Ghana, a 2019. Microsoft kuwa ya rufe cibiyar injiniyoyinsa ta Legas a 2024, ta Nairobi tana nan.

Kamfanin Legas zai iya gogayya da na Landan?

A albashi, a'a. Amma zai iya ɗaure wani kaso na albashin da farashin dala, ya ba da hannun jari, ya kuma bar mutum ya buga bincikensa da sunansa.

Yaya batun ɗauko injiniya daga Kano ko Kaduna?

Nan ne ake asara babba. Akwai matasa a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, da ƙungiyoyi irin su HausaNLP, da ke koya wa na'ura Hausa. Bankin da ke son manhajar da za ta fahimci ɗan kasuwar Mile 12 ta Legas in ya yi magana da Hausa, waɗannan yake buƙata. Sai a kira yaro, a ce ya fara aiki ranar Litinin, a manta cewa mai gida a Legas kuɗin shekara guda yake karɓa gaba ɗaya, ga kuɗin dillali da na yarjejeniya. Wanda bai da dangi a gari, ina zai samo su? In ya sauka wurin kawunsa a Agege, ofis kuma yana Lekki, cunkoson gadar Third Mainland zai cinye masa safiya da yamma. Kamfanin da ke nufin ɗaukarsa da gaske ya biya masa hayar shekarar farko, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi.

Dole ne ma sai ya zo Legas?

Ba dole ba ne. In an saya masa sola da batir da intanet mai ƙarfi, zai yi aikin daga Zariya, ya riƙa zuwa ofis duk bayan wata biyu ko uku. Sai dai sabon shiga yana bukatar zama kusa da na gaba da shi, aƙalla a shekarar farko.