Saurin baud da ba ya cikin jeri: me ake nufi?

Duk wanda ya taɓa haɗa na'urar gwaji da wata na'ura ta layin siriyal, wato layin da ke aika bayanai bit bayan bit, ya san lambobin nan: 9600, 19200, 38400, 57600, 115200. Baud shi ne adadin alamomin da layi ke ɗauka a daƙiƙa ɗaya, kuma a UART na yau da kullum, wato guntun da ke aikawa da karɓar bayanai ta wannan layi, kowace alama bit ɗaya ce (0 ko 1). Sunan ya samo asali ne daga Émile Baudot, Bafaranshen nan masanin telegiraf. Idan aka ce sauri "ba na ƙa'ida ba ne", ana nufin ba ya cikin wancan jeri, shi ke nan.

Jerin kuwa lissafin rabawa ne ya haife shi. Tsohon UART na kwamfuta irin 16550 yana aiki da kiristal, wato abin da ke ba shi bugun agogo, mai 1.8432 MHz. A raba da 16, a sami 115200. A sake rabawa da 12, ga 9600. Lambar rabawar dole ta zama cikakkiya, babu rabi babu kwata. To nan fa gizo ke saƙa.

Ɗauki MIDI, tsarin haɗa kayan kiɗa na lantarki, mai gudu a 31250. Raba 115200 da 4 ya ba da 28800, da 3 kuma 38400. Na kusa ma ya kauce da wajen kashi 8 cikin ɗari. Wannan layi ba shi da wayar agogo, kowane ɓangare da nasa agogon yake ƙirge, saboda haka in bambancin ya kai kashi 5 ko makamancin haka, kafin a kai bit na ƙarshe mai karɓa ya riga ya leƙa gidan maƙwabci, wato yana karanta bit na gefe. Sai allo ya cika da tarkacen haruffa, mutum ya yi ta zargin waya alhali ba laifinta ba ne.

Irin waɗannan suna da yawa. Fitilun dandali masu DMX512 suna amfani da 250000, layin K na binciken mota 10400. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne guntun Wi-Fi ESP8266: saƙonsa na farkon kunnawa yana fitowa a 74880, don an yi lissafin 115200 a kan kiristal mai 40 MHz, aka kuma saka mai 26.

Mafita ta danganta da na'urar. Wasu suna da gurbin rubuta lambar da kake so, amma a kula, sukan zaɓi mafi kusa a ɓoye ba tare da sun faɗa maka ba. Guntun FT232R na kamfanin FTDI, mai haɗa USB da layin siriyal, yana rabawa daga 3 MHz, har da ɗigon ɗaya bisa takwas, shi ya sa 31250 da 250000 ke fita daidai cif. A Linux, tsarin termios2 da tutar BOTHER yana karɓar kowace lamba. In na'urar ta ƙi, sai a canza kiristal, sai dai hakan yana gusar da dukkan sauran lambobin jerin.

Kada ka yarda da abin da allon saiti ya nuna sai ka auna. Aika harafin U, wato 0x55 a lambar kwamfuta, wanda bit ɗinsa ke sauyawa ɗaya bayan ɗaya, ka duba faɗin bugu ɗaya a osiloskop, na'urar da ke nuna siginar lantarki a allo. A 9600 za ka ga kusan mikrosakan 104, a 31250 kuwa 32 cif.