Ciwon gwiwa ga mai ƙaramin ƙarfi a Kaduna: ga amsoshin nan, a daina tare ni a hanya

Aikina gashin ƙashi ne, kuma tun da unguwa ta sani, ba suna ba biki ba zaman makoki, sai wani ya naɗe ƙafar wando ya nuna mini gwiwa. Tambayoyin ba sa canzawa. Na tara su a nan, wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki sai in ce ya je ya karanta.

Gwiwata tana ƙara ƙas-ƙas in na miƙe. Ta lalace ne?

In babu zafi, babu kumburi, ƙyale ta. Ta yara ma tana yi.

An ce sanyi ne ya shige ni.

Ba wankan asuba ba ne, ba ruwan firij ba ne. A yawancin waɗanda suka haura shekara 45, guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ne ya zaizaye, shi ne amosanin gaɓɓai. Alamarsa: ciwo in an yi tafiya ko an hau bene, da sandarewar gwiwa da safe wadda ke sakewa kafin minti 30. Hunturu yana sa a fi jin ciwon, amma ba shi ya kawo shi ba.

Akwai haɗin da mai kemis yake yi mini, in na sha sai in ji garau. Mene ne laifinsa?

Malam, ka san sunan ko ƙwaya ɗaya daga cikin abin da ake ƙulla maka a ledar nan? Ba ka sani ba. To ni na sha gani. Galibi za ka tarar da magungunan kashe zafi biyu ko uku 'yan gida ɗaya, irin su daikulofenak da ibufurofen da firoksikam, waɗanda bai kamata a haɗa su a sha tare ba. Su ne ke cin bangon ciki har ya zama olsa, su tayar da hawan jini, su gajiyar da ƙoda a hankali ba tare da ka ji komai ba. Sau da yawa kuma akwai deksametazon a ciki, wanda 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Shi ne yake ba ka garau ɗin da kake yabo. Shi ne kuma, in aka daɗe ana sha, yake kumbura fuska, ya tayar da ciwon suga, ya raunana ƙashi, wani lokaci ya kashe kan ƙashin ƙugu. In an jefa taramadol a ciki kuwa, wata uku ba gwiwa kake yi wa magani ba.

Sannan yi lissafi. Ko Naira 500 kake bayarwa kullum, a wata 15,000 ke nan, a shekara 180,000. Kai ne kuma za ka ce mini ba ka da kuɗin yankar kati.

Abu ɗaya: in ka daɗe kana shan haɗin, kada ka yanke shi farat ɗaya da kanka, domin shi deksametazon a hankali ake janye shi. Ɗauki ledar ka kai wa likita ya gani.

To me zan sha?

Fara da na shafawa. Daikulofenak na shafawa yana aiki a gwiwa kuma bai kai na haɗiya cutarwa ba. Farasitamol mai nauyin 500, biyu a lokaci guda, kada ya wuce takwas a awa 24, mai ciwon hanta kuma sai ya tambaya tukuna. Na haɗiya irin ibufurofen na 'yan kwanaki ne, iri ɗaya tak, bayan an ci abinci. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai juna biyu, ba naku ba ne sai likita ya ce. Lokacin azumi, da ciki babu komai jiki babu ruwa, a ƙara kiyayewa.

Robb da Aboniki da gashi da ruwan ɗumi fa?

Yi abinka. Suna rage raɗaɗi, ba sa gyara komai. Sabon bugu mai kumburi kuwa ƙanƙara yake so a naɗe a tsumma, ba zafi ba.

Yaushe ne ba a jira?

Wannan ce tambayar da ba wanda yake yi mini, shi ya sa na yi wa kaina. In gwiwa ta kumbura ta ɗauki zafi, ga zazzaɓi, ba ka iya lanƙwasa ta, yau ɗin nan za ka tafi asibiti, ko da rance. Ƙwayar cuta in ta shiga cikin gaɓa, kwanaki kaɗan take cinye guringuntsi. Haka in ka faɗi ko babur ya kayar da kai ka kasa taka ƙafar. Haka in sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, musamman bayan haihuwa ko doguwar jinya, don yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya. Yaro mai ɗingishi da zazzaɓi, da mai sikila da ciwo ya tsaya masa a wuri guda, su ma ba a kwana da su a gida.

Ba ni da inshora, ba ma'aikacin gwamnati ba ne ni, abin da ke hannuna bai wuce Naira 20,000 ba. Ina zan fara, me zan fara biya?

To, nan sai mu zauna, domin amsar ba ɗaya ba ce. Ta danganta da shekarunka, da yadda ciwon ya fara, da unguwar da kake, da kuma abin da za ka rasa in ka rufe shago yini guda.

In kai dattijo ne ko ke dattijuwa, ciwon ya zo sannu a hankali, babu alamun da na lissafa a sama, to kusan kullum shawarata ita ce a fara daga ƙasa. Jihar nan tana da mazaɓu 255, kuma an tsara kowace ta sami asibitin sha-ka-tafi nata. Ba za ka tarar da likitan ƙashi a can ba, kada ka sa rai. Amma za a auna maka jini da suga, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don shi zai nuna maganin da zai yiwu ka sha da wanda zai cuce ka. Daga nan sai babban asibitin da ya fi kusa da kai: Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, Gwamna Awan a Kakuri, ko na Kawo, ko Rigasa, ko Sabon Tasha. In suka ga abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka Barau Dikko. Asibitin sojoji na 44 ma yana karɓar farar hula. Sai Shika a Zariya, sai asibitin ƙashi na Dala a Kano. Mutanenmu da an ce ƙashi sai su ce Dala. Dala wuri ne na ƙwararru, amma kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, kai da ɗan rakiya, da abinci, wataƙila da kwana, zai cinye rabin abin da ke hannunka kafin likita ya taɓa gwiwar. Bari a tura ka da takarda.

Sai dai kuma ba zan ce asibitin gwamnati ne mafi sauƙi ga kowa ba. Mai shago a Kasuwar Barci ko kasuwar Gumi da zai yi sammako ya yini a layi, a ce masa ya dawo mako mai zuwa, wani lokaci gara ya biya ganin likita sau ɗaya a asibitin kuɗi, ya karɓi takardar magani da ta hoto, ya je ya yi su inda ya fi araha. Ba dole ba ne ka sayi magani a inda aka rubuta maka. Wannan lissafin kai za ka yi shi, ba ni ba.

In ka shiga wurin likita, ajiye kunya a bakin ƙofa. Ka ce, likita, abin da nake da shi ke nan, wanne ne dole, wanne zai iya jira? Ka roƙa a rubuta maka maganin da sunansa na asali, ba sunan kamfani ba, ka duba lambar NAFDAC in ka saya. Yawancin likitoci sun fi son ka faɗa musu gaskiya da ka karɓi takarda ka ninke a aljihu ka ɓace.

Hoto kuwa, ga inda kuɗin talaka yake salwanta. Mai shekara 50 da alamun amosani sarai, sau da yawa ko hoton ƙashi ba ya bukata kafin a fara masa magani. In za a yi, a yi shi kana tsaye, nauyinka a kan ƙafar, don a kwance ba ya nuna yadda gaɓar ta matse. MRI, hoton da ke nuna jijiyoyi da guringuntsin cikin gwiwa, yana da tsada ƙwarai, kuma ba na kowa ba ne. Ya fi amfani ga matashin da ya murɗe gwiwa a filin ƙwallo, ta kumbura nan take, yanzu tana sarƙewa ko tana zillewa in ya juya. Shi ɗin ma ina cewa ya fara tambaya: in hoton ya nuna jijiya ta tsinke, ina da halin yin aikin? In babu, kuma likita ya yarda, wataƙila gara kuɗin ya tafi wurin gashin ƙashi. Na ce wataƙila. Gwiwar da ta kulle ta ƙi miƙewa daban take, ita likitan ƙashi take so.

Abin da ya rage na kuɗin a kai sashenmu na gashin ƙashi. Ba don aikina ba ne nake faɗa. Kuma ba sai ka riƙa zuwa sau uku a mako ba. Faɗa wa ma'aikacin cewa ba ka da halin zarya, ya koya maka abin da za ka yi a gida, ka dawo bayan wata guda a duba.

Manyan asibitocin koyarwa suna da ofishin taimakon marasa galihu. Ba kullum ake samu ba, kuma ba ya ɗauke komai, amma tambaya ba ta cin kuɗi. Batun inshora kuma, a daina cewa ta ma'aikata ce kawai. Kaduna tana da hukumarta, KADCHMA, wadda aka kafa da dokar 2018, kuma ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu suna iya shiga su biya na shekara. Dokar tarayya ta 2022 da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ma cewa ta yi inshorar lafiya wajibi ce ga kowa. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da ake yi wa marasa ƙarfi rajista ta asibitocin mazaɓu. Amma ba a fafe gora ranar tafiya: irin waɗannan tsare-tsare galibi suna da lokacin jira kafin kati ya fara aiki, kuma kowanne yana da iyakar abin da yake biya. Kafin ka ba da kuɗi, a nuna maka a rubuce ko hoto da gashin ƙashi suna ciki. Aikin sauya gwiwa, wanda kuɗinsa miliyoyi ne, kada ka ɗora ranka a kan cewa kati zai ɗauke shi. Ka kwantar da hankali kuma, mafi yawan masu ciwon gwiwa ba sa kai wa ga wannan aikin.

Ba hutawa ya kamata in yi ba, tunda zaizayewa take?

A'a, Baba. Zama ne yake ƙarasa ta. In naman cinya ya saki, duk nauyi sai ya koma kan gaɓar. Kwanta a tabarma, lanƙwasa ƙafa ɗaya, miƙe mai ciwon, ɗaure cinyar tamau ka ɗaga ta kamar taƙi guda, ƙirga biyar, sauke a hankali. Sau 10, safe da yamma. Sannan zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa komai ba, shi ma sau 10. Ƙara da tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, ko a layinku ko a dandalin Murtala tare da masu sammako. Ɗan ciwo lokacin yi ba laifi. In ta kumbura har washegari, ka rage, kada ka daina. Kada kuma ka zo mini bayan kwana huɗu ka ce bai yi ba. Mako 6 zuwa 12 ake ba shi.

Likita ya ce in rage ƙiba. Ni da ba na cin abin kirki?

Hajiya, kowa haka yake cewa. Kilo ɗaya da kika sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Ba a ce ki daina cin tuwo ba. Rage malmala, bar lemon kwalba, rage sukarin shayi da na kunu.

An ce ruwan gwiwata ya ƙare, in riƙa shan miyar kuɓewa da farfesun ƙafar saniya.

Sha don daɗi. Yauƙin ba ya gangarawa gwiwa. Ƙwayoyin gina guringuntsi masu tsada da ake tallatawa su ma ba su nuna wani amfanin da ya kai kuɗinsu ba.

Ƙaho da tsaga da mai ɗori?

Kada a tsaga fata a kan gaɓa, kada a yi sakiya, balle ga mai ciwon suga. Hanya ce kake buɗe wa ƙwayar cuta da hannunka. Wanda ya faɗi, a yi hoto tukuna kafin kowa ya ja ƙafar. Na mota mai lasifika da ke cewa kwalba ɗaya tana maganin gwiwa da basir da taifot, ba zan ɓata bakina a kansa ba.

Allurar da ake yi a cikin gwiwa fa?

Tana ba da sauƙi na 'yan makonni, ba ta warkarwa. Likita ne yake yi, a asibiti, ba a fi uku ko huɗu a shekara. Ba a bayan kantar kemis ba.

Sujada da zaman tahiya suna gagarata. Ya halatta in yi sallah a kujera?

Ni ba malami ba ne, amma hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari sananne ne: a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Tambayi limaminku yadda za ki yi. Abin da ya fi damuna ma tsugunnon masai ne da kujera 'yar tsugunno wurin wanki da girki. A sa kafinta ya yi miki kujera mai huda a tsakiya a ɗora kan masai, a kafa ƙarfen dafawa a bango, wanki kuma a ɗaga bahon sama.

Sanda ai ta tsofaffi ce.

Riƙe ta, Alhaji. A hannun da ba na ɓangaren ciwon ba: in gwiwar dama ce, sanda a hagu. Tsawonta ya tsaya daidai wuyan hannunka in ka miƙe ka saki hannu, a sa mata roba a ƙasa don kada ta zame a kan tayil.