Kayan tarihi na jama'a: wa ke da su, kuma yaya ake riƙonsu?

In an ce kayan da ke gidan tarihi na jama'a ne, me ake nufi?

Ana nufin gidan tarihin mai riƙon amana ne. A takarda, mai mallaka yana iya zama gwamnatin ƙasa, hukumar birni, jami'a ko kwamitin amintattu, amma dukansu suna riƙe kayan ne a madadin mutanen yau da waɗanda ba a haifa ba. Shi ya sa shugaban gidan ba shi da ikon kyautar da ko da tsinken kitso ne ga babban baƙo, haka kuma mai mulki ba ya aiko mota a ɗaukar masa gunki don ƙawata ofis sai da takardar aro.

Tsananin dokar ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa kayan gidajen tarihi na gwamnati bisa ƙa'ida ba sa fita daga hannun jama'a, har sai da majalisa ta yi doka ta musamman a watan Disambar 2020 kafin a iya mayar wa Jamhuriyar Benin kayan fadar Abomey guda 26, waɗanda suka isa gida a Nuwambar 2021. A Ingila kuwa dokar 1963 ce ta ɗaure hannun amintattun British Museum, ba sa iya rabuwa da abu sai a 'yan yanayi kaɗan.

Me ake yi wa abu daga ranar da ya shigo?

Tun a bakin ƙofa ake cike takardar shigowa: wa ya kawo, yaushe, don me (kyauta, sayarwa, aro ko a duba kawai), da halin da abin yake ciki. Wanda ya kawo ya sa hannu, ya tafi da kwafi. Sai a ware abin a ɗakin keɓewa na wasu makonni, domin kada ya shigo da ƙwari cikin ma'ajiya.

Kafin a karɓe shi dindindin akan bi sawun asalinsa: daga ina ya fito, ta hannun wa da wa ya biyo. Shekarar 1970 ita ce ma'aunin da yawancin gidaje ke amfani da shi, saboda yarjejeniyar UNESCO ta wannan shekarar kan hana safarar kayan al'adu. Abin da ya bar ƙasarsa bayan nan ba tare da izini ba, ƙa'idojin ICOM, ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, sun hana a karɓe shi komai kyansa.

In kwamiti ya amince, mai shi ya sa hannu a takardar miƙa mallaka, sai a shigar da shi rajista. Rajistar asali littafi ce ɗinkakke mai lambobin shafi, ana rubutu da tawadar da ba ta dushewa. Ba a yage shafi, ba a shafe kuskure. A ja masa layi ɗaya, a sa hannu a gefe. Lambar da aka fi bayarwa kashi uku ce, misali 2024.15.3, wato abu na uku a rukuni na goma sha biyar da aka karɓa a 2024. Ko abin ya ɓace, ba a sake ba wa wani abu wannan lambar har abada.

Lambar dole ta hau jikin abin, amma ta yadda za a iya cire ta. A kan ƙarfe, dutse ko tangaran ana shafa ɗan siririn Paraloid B-72, wani irin gam marar launi, da aka narka a sinadarin asiton, a bari ya bushe, a rubuta lamba, a sake shafawa a sama. Tufa ana ɗinka mata ɗan ƙyallen auduga mai lamba. Takarda kuwa fensir mai laushi kawai, a bayanta. Salatif da jan farce da farin ruwan gyaran rubutu duk sun lalata kaya da yawa: gam ɗin salatif yana ratsa jikin abu ya bar tabo, shi kuma salatif ɗin ya faɗi da lambar.

Me ya sa ake ta nanata maganar rajista, alhali akwai ɓarayi da gobara?

Domin rajistar ce ke nuna an yi sata. A watan Agustan 2023 British Museum ya bayyana cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace ko sun lalace a ma'ajiyarsa, yawancinsu ƙananan duwatsun ado da kayan zinariya. Da yawa ba a yi musu cikakkiyar rajista ko hoto ba, saboda haka ma tabbatar da cewa na gidan ne ya zama aiki.

Akwai kuma asarar da ba ta buƙatar ɓarawo. Tukunya tana nan a kan kantar ma'ajiya lafiya lau, amma takardar da ke ɗaure da ita ta tsinke, wanda ya san inda aka tono ta ya yi ritaya. Tukunyar ba ta fashe ba, sai dai ta daina amsa kowace tambaya. Cibiyar kula da kayan tarihi ta Kanada ta sa wannan rabuwa ta abu da bayaninsa cikin abubuwa goma da ke hallaka kaya, jere ɗaya da wuta da ruwa.

Mafi ƙanƙantar abin da ya kamata a samu shi ne bayanan Object ID, tsarin da cibiyar Getty ta fitar a 1997 wanda 'yan sanda da kwastan ke ganewa: hotuna, nau'in abu, abin da aka yi shi da shi, awo, rubutu ko alama a jiki, tabon da ya bambanta shi, wanda ya yi shi da zamaninsa. Duk lokacin da abu ya motsa, ko daga kanta zuwa kanta ne, a rubuta a ranar. Sannan a riƙa binciken ba-zata ta fuska biyu: a zaɓi lambobi a rajista a je a nemo kayan, a kuma ɗauki kaya a kanta a je a nemo lambobinsu. Kwafin rajistar kuma ya kwana a wani gini dabam.

Wane irin danshi da zafi kaya ke so?

Ga tarin kaya gauraye, abin da manyan gidaje suka daidaita a kai shi ne danshi tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100, zafi tsakanin digiri 16 zuwa 25. Amma hawa da sauka ya fi lambar kanta illa. Itace, fata, hauren giwa da ƙashi suna shan danshi su kumbura, su saki su tsuke, nan ne fenti ke ɓarewa, itace ya tsage. Shi ya sa na'urar sanyaya ɗaki da ake kunnawa da safe a kashe da yamma takan fi rashinta ɓarna.

Danshi ya haura kashi 65 zuwa 70 na kwanaki, funfuna ta tashi. Ƙarfe kuwa bushewa yake so. Tagullar da aka tono daga ƙasa tana ɗauke da gishiri a jikinta, in ta sami danshi sai wani koren gari mai haske ya riƙa ɓullowa yana cin ta. Irin wannan ana sa ta a akwati mai rufin gam da ƙwayoyin silika masu shanye danshi, a riƙe shi ƙasa da kashi 35 ko 40. Kafin a sayi wata na'ura, a fara da ƙananan ma'aunai masu adana bayani a kowane ɗaki har shekara guda. Sau da yawa sai a tarar matsalar rufin da ke yoyo ne ko bututun ruwa a bango.

Haske fa?

Ɓarnarsa taruwa take yi, kuma launin da ya koɗe ba ya dawowa. Tufa, zanen ruwa, rubutun hannu da gashin tsuntsu ba sa wuce luks 50 (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske). Zanen fentin mai da itace suna ɗaukar kusan 200. Lissafin sauƙi ne: awa 10 a luks 500 daidai take da awa 100 a luks 50. Don haka ake nuna tufa wata uku zuwa shida sannan a mayar da ita duhu, ake kuma juya shafin littafin da ke cikin gilashi.

Yaya ake yaƙi da ƙwari ba tare da feshi ba?

Da sa ido. Ana jera tarkon gam a ƙasa, jikin bango da kusurwoyi, kowanne da lamba da kwanan wata, a duba akalla sau huɗu a shekara. Asu na cin ulu da gashi, ƙwaron itace na barin ƙananan ramuka da gari kamar niƙa a ƙarƙashin abu, gara kuwa ta cikin bango take zuwa. Abinci da furanni ba sa shiga ma'ajiya.

Abin da ya kamu ana rufe shi ruf a leda, a rage iskar ciki, a sa a firiza: awa 72 a digiri 30 ƙasa da sifiri, ko mako ɗaya zuwa biyu a digiri 20 ƙasa da sifiri. In an fitar ba a buɗe ledar sai bayan awa 24, domin raɓar ta sauka a kan leda maimakon jikin abin. Zanen fentin mai, hauren giwa da ganga mai ɗaurarriyar fata ba sa shiga firiza. Su ana rufe su ne a cire musu iskar oksijin zuwa ƙasa da kashi 0.3 cikin 100 na kusan mako uku.

Wani abin lura: tsofaffin ma'aikata na da sun yi amfani da guba irin su arsenik da DDT a kan fatu da tufafi. Gubar tana nan har yau, don haka safar hannu a nan don kare mutum ce.

Ya ya kamata ma'ajiya ta kasance, kuma yaya ake ɗaukar kaya?

Babu abin da ke zama a ƙasa. Kantar farko ta ɗaga akalla santimita 10 zuwa 15 saboda ambaliya. Masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Kantocin ƙarfe masu gasasshen fenti sun fi na katako, domin katako da sabon fenti suna fitar da tururin asid mai cin dalma, ulu da roba kuma suna baƙanta azurfa. Gwajin da Andrew Oddy ya ƙirƙiro a British Museum a 1973 shi ake yi har yanzu: a rufe ɗan guntun kayan da ake shakka tare da ƙyallayen azurfa, jan ƙarfe da dalma a digiri 60 na kwana 28, a ga ko sun canza.

Wajen ɗauka, a share wurin ajiyewa tun kafin a ɗaga. Abu ɗaya, hannu biyu, a tallafe shi daga ƙasa. Ba a riƙe tulu ta marfi ko mariƙi, ba a ɗaga kujera ta hannunta, domin nan ne tsohon gyara ke ɓoye. Ƙarfe da hoto sai da safar hannu, saboda gumin yatsa na cin ƙarfe. Takarda kuwa wankakken hannu busasshe ya fi, safar auduga tana kama gefen shafi ta yaga.

Goge abu don ya yi ƙyalli kuma ba kulawa ba ce. Duhun da ke jikin tsohuwar tagulla, ko busasshen jini da toka a jikin gunkin bauta, ɓangare ne na tarihinsa.

Gidan tarihi zai iya sayar da kayansa in kuɗi sun yi ƙaranci?

Cire abu daga rajista halal ne in ya ruɓe, ko yana da haɗari, ko ya fita daga manufar gidan, ko an tabbatar na wasu ne. Amma kwamiti ne ke yanke hukunci a rubuce, a fara tayin abin ga wani gidan tarihi na jama'a, ma'aikata da danginsu ba sa saya, kuɗin da aka samu kuma kan tarin kayan yake komawa. Layinsa a rajista yana nan, a rubuta inda ya tafi.

Hukumar garin Northampton a Ingila ta sayar da gunkin Sekhemka na tsohuwar Masar a Yulin 2014 kan fam miliyan 15.76, nan da nan gidajen tarihinta suka rasa shaidar amincewa, wadda ita ce ƙofar samun tallafi da dama. A Amurka, da birnin Detroit ya tsiyace a 2013, masu bin bashi sun ɗora ido kan zane-zanen gidan tarihin birnin. Sai da aka haɗa sama da dala miliyan 800 domin biyan 'yan fanshon birnin maimakon a sayar da zane-zanen, aka kuma mayar da kayan hannun amintattu masu zaman kansu.

In gobara ko ruwa ya shigo, da me za a fara?

Da rayukan mutane, sannan jerin kayan da aka riga aka zaɓa, da taswirar inda suke, wadda 'yan kwana-kwana suka sani tun kafin ranar. Gobarar gidan tarihin ƙasar Burazil a Rio, ranar 2 ga Satumbar 2018, ta cinye mafi yawan kaya kusan miliyan 20 a dare ɗaya, a ginin da ba shi da bututun yayyafa ruwa. Kayan da suka jiƙe suna da awa 48 zuwa 72 kafin funfuna ta kama. Littattafai da takardun da ba za a iya shanyawa a wannan lokacin ba, a naɗe su a daskarar a firiza, kowane ƙunshi da lambarsa a rubuce a waje.