Gandun Dajin West Coast a Afirka ta Kudu: tambayoyin da aka ƙi daina yi

Akwai zaki da giwa?

Babu. Mai neman zaki ya nufi Gandun Dajin Kruger. Nan sai jimina, jakin dawa, dangin gwanki da barewa, da kunkuru birjik.

A ina yake?

Arewa da Cape Town, kan hanyar R27, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a mota. An kafa shi a 1985, ya kewaye tafkin Langebaan, wani hannun teku da ya kutso cikin ƙasa. Da lokacinsu ya yi, furannin daji kan rufe filayensa.

Fure ɗaya tak zan tsinka, akwai laifi?

Akwai. Kowa ma ɗaya tak yake cewa. Kuma a daina shiga tsakiyar fili ana kishingiɗa don hoto. Yawancin furannin 'yan shekara ɗaya ne, wanda aka tattake kafin ya zubar da iri ya rage na baɗi.

To yaushe zan je in tarar da furannin?

Ba mai iya ba ka rana, duk wanda ya ba ka kuwa cika baki ya yi. Sashen Postberg, inda furannin suka fi cika, a Agusta da Satumba kaɗai ake buɗe shi. A cikin watannin nan biyu, galibi an fi dacewa daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba, amma komai na hannun ruwan sama. Yankin a lokacin sanyi yake samun ruwansa, daga wajen Mayu zuwa Agusta. In ruwa ya sauka da wuri ya ɗore, sai fili ya rufe da fari da rawaya da ruwan lemo. In ya makara, su ma su makara. Ko a shekara mai kyau, iska mai zafi da ke gangarowa daga tudu tana iya yanƙwane su cikin 'yan kwanaki.

Sai kuma ranar kanta. Furannin nan rana suke bi: ba sa buɗewa sosai sai wajen goma da rabi na safe, kafin ƙarfe huɗu sun fara tsukewa. Ranar hadari ko sanyi mai tsanani ma ba sa buɗewa sam, sai mutum ya sha tafiya ya tarar da ciyawa kawai. Saboda haka ka ware kwana biyu ko uku, ka duba hasashen yanayi, ka zaɓi wadda gari ya waye tangaran. In da hali ka kauce wa Asabar da Lahadi, layin motoci a ƙofa yakan cinye maka awannin da furen ke buɗe.

Abin da aka fi mantawa: fuskar fure na kallon rana, a can kuwa rana ta arewa take ratsawa. Ka sa ta a bayanka. In ka fuskance ta, ƙeyar furanni za ka yi ta kallo.

Ana iyo?

A tafkin, i. Kraalbaai, wani wuri a gaɓar tafkin, ruwansa ba zurfi, ba igiya, yara ma na wasa a ciki in da mai lura. Ɓangaren Atlantika kuwa, irin su Tsaarsbank, na kallo ne. Benguela, wani magudanar ruwa mai ɗan karen sanyi a cikin teku, ke bi ta nan, ga shi ruwan yana jan mutum da ƙarfi.

Macizai fa?

Kwantar da hankalinka. Akwai kasa da gamsheƙa, amma mai bin turba sanye da takalmi rufaffe da wuya ya gamu da matsala. Kasa ba ta gudu, lafewa take, don haka ka riƙa duban inda kake taka. Kaska ta fi su kama mutane: ka cusa ƙafar wando cikin safa, da yamma ka duba jikinka.

Me ya sa ake ta faɗa a kan gudu da mota?

Kunkuru. Ƙanana ne, suna tsallaka kwalta a hankali, daga nesa sai ka ɗauka dutse ne. Ka rage gudu.

Na je rumfar kallon tsuntsaye ta Geelbek ban ga komai ba.

Ba ka duba jadawalin cikar teku ba ne. In ruwa ya janye ƙarshe, tsuntsayen na can nesa kan laka. In ya cika, lakar ta nutse. Ka zauna lokacin da yake shigowa yana koro su gabanka, ko sa'ad da ya fara janyewa. Tsuntsaye masu ƙaura daga can arewacin duniya kuma sai lokacin zafin ƙasar suke taruwa, wajen Nuwamba zuwa Maris, bayan furanni sun daɗe da bushewa.